Hoton da Za a Rataye Kusa da Sumie

"Lafiya ƙalau muka tashi, ranka ya daɗe," in ji Chizuru, ta ɗan sunkuya irin gaisuwar da ake yi wa baƙo. "Sai dai ka yi haƙuri, ni kakana nake jira. Wani tsoho ne mai farin kai da baƙin hali. Ko ka gan shi a hanya?"

"Na baro shi a tasha yana kuka," in ji Tokuji. "Wai an ba shi jika, ya duba gaba ya duba baya bai ga inda amfaninta yake ba, yana neman inda ake mayarwa."

"To ka koma ka ce masa lokacin mayar da kaya ya wuce."

A ƙofar gidan tarihin hoto suke tsaye, can saman tudu, inda in ka waiwaya kana hango rabin Nagasaki da tashar jiragen ruwa. Tokuji Hamasaki ya haura tamanin, tsohon mai walda ne a wurin ƙera jirage, kuma jiya da yamma kansa fari ne fat. Yau ga shi da gashi baƙi ƙirin yana sheƙi. Ya sa kwat ɗin da ya yi aure da ita, wadda warin kafur ɗinta ya riga shi hawowa tudun. Amma abin da ya ɗaure wa Chizuru kai shi ne fuskar. Ta yi wani irin ɗamewa, girarsa ta haye sama kamar wanda aka ba labarin mamaki tun da safe bai gama mamakin ba. Sai da ta zagaya ta bayansa ta ga manyan filasta biyu a bayan kunnuwansa, sun janye fatar kumatunsa.

"Wannan fa?"

"Maganin ciwon wuya ne."

"Wuyanka ya koma bayan kunne?"

"Ciwo yawo yake yi. Ke da kike koya wa 'yan yaye rawar zomo, me kika sani a harkar likita?"

"Na dai san yaron da ya yi wasa da gam. Rufe idonka in gani."

Ya gwada. Ido ɗaya ya rufu, ɗayan ya ƙi. Ya ce da gangan ya bar shi a buɗe, domin walat ɗinsa na aljihu kuma ita tana tsaye kusa.

Maganar ta samo asali ne tun bikin sabuwar shekara. Dangi sun taru a gidansa, an ci an sha, giyar shinkafa ta ɗan hau masa kai, sai ya ɗaga ido ya kalli jerin hotunan mamata da ke rataye a bango, saman akwatin da ake ƙona wa magabata turare. A ƙarshen jerin akwai matarsa Sumie, wadda ta rasu tana da talatin da 'yan kai, tana murmushi cikin riga mai furanni. Kusa da ita akwai ƙusa ɗaya da babu komai a jikinta, kowa kuma ya san ta waye. Tokuji ya ce in aka rataye shi a nan da wannan fuska tasa, duk baƙon da ya zo ƙona turare sai ya tambaya ko kakanta ne. Ya ce wannan ma da sauƙi, abin da yake tsoro shi ne ita kanta ta waiwayo ta kasa gane shi. Daga nan ya buga ƙoƙon giya a tebur, ya rantse ba zai mutu ba sai ya riƙe a hannunsa hoton da ya dace da wannan ƙusa.

Kowa ya yi dariya ban da Chizuru, domin ta san kakanta. Wannan mutum ne da ya yi faɗa da mai awara tun kafin a haifi mahaifiyarta, ya rantse ba shi ba awara, kuma har yau in ya gan ta a miya sai ya ture kwanon. In irinsa ya ce ba hoto ba mutuwa, to ba hoto ba mutuwa. Shi ya goya ta a matakalar unguwarsu sa'ad da mahaifiyarta ke fita aiki, shi ya koya mata zagi kafin ta iya rubuta sunanta, kuma ba ta shirya rabuwa da shi ba. Tun daga ranar ta naɗa kanta mai ɗaukarsa hoto. Na farko ta yanke masa kai, ta ce ai Kaka Sumie za ta gane shi da wuyan riga. Na biyu yatsanta ya rufe rabinsa. Da ya gaji ya tafi shagon mai hoto na kasuwa ta bi shi, mai hoto na shirin dannawa ta raɗa masa cewa zif ɗinsa a buɗe yake. Har yanzu hoton yana nan, tsakiyar kansa kawai ake gani.

Shi ya sa wannan karon ya ɓoye mata. Gidan tarihin yana da wata kyamara ta zamanin da, wadda ake ɗaukar mutum da ita a kan gilashi, kuma sai an jefa ƙuri'a ake samun shiga. Tokuji ya shiga ƙuri'ar a ɓoye, ya ci. Hujjarsa ita ce duk hotunan mutanen zamanin da, waɗanda ya gani, fuskokinsu sumul suke kamar dafaffen ƙwai, ke nan tsohuwar kyamara ba ta da idon ganin tamoji. Da ba don likita ya hana shi hawa tudu shi kaɗai ba, da ko labari Chizuru ba za ta ji ba.

Suna shiga ta kama hannunsa.

"Sakar ni, ba makaho ba ne ni."

"Ba don haka ba. Kar ma'aikata su ɗauka daga cikin gilashi ka fito, su mayar da kai su kulle."

Ɗakin farko cike yake da tsofaffin kyamarori, wasu na katako, wasu da dogon wuya irin zugazugin maƙeri. Tokuji ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gaishe su, ya ce duk yayyensa ne, a gabansu shi jariri ne. Chizuru ta sunkuya ta karanta takardar da ke jikin wata, ta ce wannan dai ƙanwarsa ce, kuma ta fi shi aiki, tunda ita an ce har yanzu idonta na buɗewa ya rufe. Ya ce ai ita ajiye ta aka yi a cikin sanyi ana share mata ƙura, da shi ma an yi masa haka da yanzu 'yan mata na bin layi. Ta ce in yana so yau ma sai ta bar shi a nan, ta ga akwai wuri kusa da kwandon laima.

Daga nan suka shiga wani ɗaki mai duhu, wanda aka huda ɗan rami a bangonsa, sai ga tashar jiragen ruwa ta bayyana a ɗaya bangon, kai ƙasa ƙafa sama. Teku a sama, gajimare a ƙasa, wani ƙaton jirgi na tafiya a rataye.

"Kin ga wancan? Ni na yi masa walda," in ji Tokuji. "Shi ya sa ko an kifa shi ba ya faɗowa."

"Jirgin da aka ƙera bara?"

"Wanda ya haife shi na yi wa. Gado ne."

"Kaka, na samo maka dabara. Mu ɗaure ka ta ƙafa mu rataye. Kumatun nan duk sai su zubo wajen goshi, a ɗauka, mu juya hoton. Ba ruwanka da filasta."

Abin da ya ba ta tsoro shi ne tunanin maganar yake yi da gaske. Can ya ce a'a, Sumie za ta gane, domin ta taɓa ganinsa a haka ranar da ya faɗo daga bishiyar lemo.

Ɗakin ɗaukar hoton yana hawa na sama, rufinsa duk gilashi ne. Mai kula da shi wata mace ce mai suna Malama Iwanaga, siririya, yatsunta sun yi baƙi da ruwan magani, irin mutanen nan da ko gobara za su gaya maka sai sun fara ba ka haƙuri. Ta zaunar da Tokuji a kujera, ta jawo wani ƙarfe mai baki biyu ta tallafe masa ƙeya da shi. Ya ce wannan ai mariƙin da suke kama bututu da shi ne a wurin aiki, kuma waldarsa ba ta yi kyau ba. Ta sunkuya ta ba shi haƙuri a madadin wanda ya ƙera, wanda ya mutu tun kafin a kawo lantarki garin.

Sai dai hawan matakala ya sa shi gumi, filastar dama ta saki. Ɓangaren hagu na fuskarsa yana nan saurayi, na dama ya koma gida. Malama Iwanaga ta kalle shi ta cikin kyamara, ta fito daga ƙarƙashin baƙin mayafi, ta yi ta kewaye-kewaye. Ta ce wataƙila idonta ne, wataƙila kuma haske ne, amma kamar mutum biyu take gani, alhali gilashin na mutum ɗaya ne.

"Ka zaɓa, Kaka," in ji Chizuru. "Wanne za a ɗauka, kai ko babanka?"

Ya nemi sabuwar filasta, babu. Ya nemi salatif, Malama Iwanaga ta ce akwai, amma zai yi ƙyalli. A ƙarshe ya kai hannu ya ɓamɓare ta hagun da kansa, fuskar ta sauko gaba ɗaya ta zauna inda ta saba. Wani siririn layin rini ya biyo gumi ya gangaro ta gefen kunnensa. Chizuru ta ciro hankici ta goge masa, ta gyara masa wuyan riga, hannunta ya daɗe a wurin fiye da yadda aikin yake bukata. Da ta ga ya lura, sai ta ce tana duba ko akwai sauran wani abin da aka liƙa.

Malama Iwanaga ta yi musu bayani. Gilashi ɗaya ne rabon kowa, babu na biyu. Za ta jiƙa shi da magani a ɗakin duhu, kuma dole a ɗauka kafin ya bushe. Yau akwai hadari, haske ya yi ƙaranci, don haka za a daɗe. Da zarar ta cire murfin kyamara, ba motsi, ba magana, ba dariya, in ba haka ba fuskar za ta fito kamar hayaƙi.

Chizuru ta tambaya cikin ladabi ko shi kaɗai aka hana magana, ko har da 'yan rakiya. Malama Iwanaga ta ce 'yan rakiya suna iya magana, muddin suna bayan kyamara. Ta shige ɗakin duhu.

Tokuji ya juyo da ƙwayar idonsa kawai, tunda ƙarfe ya riƙe sauran.

"Ke. Akwai shagon kek a ƙasa. Je ki ci duk wanda kike so."

"Na ƙoshi."

"Tun da aka haife ki ban taɓa jin wannan kalma a bakinki ba."

"Yau ranar abubuwan tarihi ce."

Da Malama Iwanaga ta dawo ya roƙe ta a fitar da wannan yarinya, ya ce ba jikarsa ba ce, a ƙofa ta maƙale masa. Amma gilashi ya riga ya jiƙa, ba lokacin shari'a. Ta zura shi a kyamara, ta ce ya kalli nan, ta cire murfi.

Tun da Chizuru ta iya magana ba ta taɓa gaya wa tsohon nan kalma ɗaya ba tare da ya mayar mata da biyu ba. Yau ga shi an ɗaure mata shi ta ƙeya. Ta gyara tsayuwa, ta sa muryar da take ba yara labari da ita.

"Kaka, jiya na je gidanka ka fita. Mutanen bango, mamatan nan na cikin hotuna, sun yi taro a kanka. Babanka ya ce shi ya rasu yana da hamsin, yanzu kai ne yayansa, ba zai iya ba. Ya ce da wane baki zai ce maka ka zauna da kyau. Kakanka kuma ya ce in ka zo sai dai a yi maka bango naka daban, a banɗaki."

Bai motsa ba. Hancinsa ne kawai ya ɗan buɗe.

"Kaka Sumie kuwa tambaya ɗaya ta yi. Wai wa ke cinye mata kek ɗin da ake ajiye mata kowace safiya? Na ce kyanwa ce, kamar yadda ka ce. Ta ce wace irin kyanwa ce ke ɓare takarda, ta ninke ta, ta sa a kwandon shara."

Wata jijiya ta taso a goshinsa. Malama Iwanaga ta kafe idonta a kan agogo, kafaɗunta na rawa.

Chizuru ta ci gaba. Ta ce rinin nan ta ga kwalinsa, na takalmi ne. Ta ce kwat ɗin ta yi masa yawa har ana iya ba da hayar rabinta. Ta ce miyar da ya sha a gidansu ran Lahadi, wadda ya yaba har ya nemi ƙari, da awara aka yi ta, markaɗawa kawai aka yi. A nan ta tabbata ta gama da shi, domin ta ga amsar ta taso masa tun daga ciki, ta cika masa baki, ta tsaya a bayan leɓɓansa tana neman hanya. Idonsa ya yi ja yana ƙyalli. Amma mutumin da ya yi shekaru yana riƙe wutar walda a wuri ɗaya bai motsa ba.

Sai zagin ya ƙare mata. Ta laluba ba ta sami komai ba. Ta kalle shi zaune cikin kwat ɗin aurensa, ƙanƙani, ya miƙe wuya yana shirin tafiya wurin matarsa, sai tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba.

"Ka motsa, Kaka," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Don Allah ka ɗan motsa."

Ya ji. Ta ga ya ji, ta kuma ga ya gane cewa yanke kan da yatsan da zif ɗin duk da gangan ta yi su. Bai motsa ba. Malama Iwanaga ta mayar da murfi, ta ce an gama, ta kwance masa ƙarfen. Chizuru ta jira ruwan zagi ya sauko, tunda bakinsa ya samu 'yanci, amma sai murza ƙeyarsa kawai yake yi.

Can Malama Iwanaga ta fito da gilashin a cikin faranti, ta ce su matso. Ta zuba masa wani ruwa, farin ya fara komawa baƙi, baƙin ya koma fari, fuska ta taso a hankali. Kafin ta gama tasowa Malama Iwanaga ta fara ba da haƙuri. Ta ce ya kamata ta faɗa tun farko, irin wannan kyamara ba abin da take so kamar tamoji, na tsofaffin hotuna kuma da ya gani sumul, masu hoto ne suke bi da fensir suna gogewa. Gaskiya ta faɗa. Duk wani layi da ke fuskar Tokuji ya fito, har wanda bai iso ba tukuna kyamarar ta je ta taro shi. Kowane tabon tartsatsin walda yana nan a wurinsa. Mutumin da ke cikin gilashin zai yi shekara ɗari biyu.

Zuciyar Chizuru ta yi sanyi don murna.

"Shi ke nan, a fasa," ta ce. "Wannan in aka rataye, mutanen bango saukowa za su yi su bar maka gidan. Busasshen kifi ya fi ka jini a jika. Mu tafi, mu sake gwadawa baɗi."

Tokuji bai ji ta ba. Ya sunkuya a kan farantin, ya daɗe yana kallon bakin nan da ya cika da magana, da idon nan da ke ci da wuta.

"Wannan ta san shi," ya ce.

"Wa?"

"Sumie. Haka nake tsayawa a ƙofar kicin tana zazzaga mini, amsa na bakina ba halin fitarwa. Duk zamanmu da wannan fuskar na yi shi. Ko daga ƙarshen layi ta hango sai ta ce ga shi nan ya dawo, ya manta abin da aka aike shi." Ya miƙe, ya sunkuya wa Malama Iwanaga har ƙasa-ƙasa. "Malama, ya yi. A naɗe."

Suka zauna a benci suna jira gilashin ya bushe. Chizuru ta juya masa baya tana kallon wani hoton tsohuwar kasuwa da ba ta gani. Ta yi duk abin da ta iya, kuma da bakinta ta gyara masa hoton. Haushin kanta ya ishe ta, ga kuka yana neman ba ta kunya a gaban mutane.

Aka kawo akwatin katako ƙarami, an ɗaure shi da zare. Malama Iwanaga ta miƙa wa Tokuji da hannu biyu. Shi kuwa ya mayar da hannayensa baya, ya nuna Chizuru da haɓa, ya ce a ba wannan. Akwatin ya sauka a cinyarta.

"Ni ba 'yar dakonka ba ce."

"Ba dako ba ne, kyauta ce. Kin ci wasan yau, maganar awarar nan ta kusa kashe ni." Ya fashe da dariya har yana tari, ya share ido da hannun kwat. "Cewa na yi sai na riƙe shi a hannuna. Kin ga na taɓa shi? Ki kai shi ɗakinki ki ajiye. Ran da kika gaji da ni, sai ki kawo mini."

Ta rungume akwatin a ƙirji.

"Ni fa ka sani, yar da kaya nake yi. Ina iya mantawa da inda na sa shi."

"Na sani," in ji Tokuji, ya dafa kafaɗarta ya miƙe. "Da ina son a same shi da wuri, ai mamanki zan ba."